Kunnen Ɓera, Kunnen Auta

26 ga Fabrairu

Zuwa ga ɗiyata, Likitar Ɓeraye,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɓerayenki gaba ɗaya. Mu nan lafiya, in ban da gwiwata ta dama da ta rantse ba zan hau matakala ba sai ta faɗi ra'ayinta. Mahaifiyarki Auta tana gaishe ki.

Akwai wani zance da na taɓa ji, yau kusan shekara ashirin. Ina zaune a kujerar mai aski, kumfa har kunne, ya ce mini wai maganin ciwon daji da ake ɗura wa mutane a asibiti yana cin kunne. Wai surukinsa ya shiga asibiti yana jin tafiyar kiyashi, ya fito sai an dafa shi yake juyowa. Ban yarda ba. Wannan mai askin shi ne ya taɓa rantse mini cewa agogon hannu yana tsayawa da kansa ranar da mai shi ya mutu. Ni kuwa shekara arba'in na yi ina gyaran agogo, na san abin da ke tsayar da shi: datti da rashin wanawa. Saboda haka na bar zancen kunnen nan a ƙasan shagon tare da gashina.

Abin da ya tuno mini da shi, matar wani maƙwabcinmu ce. Ba ki san ta ba. An gano mata ciwon nan a ciki, aka yanka mata zuwa asibiti sau shida, duk bayan mako uku, a rataya mata leda a ɗura mata magani ta jijiya. Ta yi biyu. Ni nake raka ta, tunda ni ne marar aikin yi a layinmu. Tun bayan na biyun take cewa kunnenta yana kuka, kamar an manta buta a kan wuta a wani ɗaki mai nisa. Mun gaya wa ma'aikaciyar jinya, ta ce a riƙa shan ruwa da yawa.

To, sai na ce ai muna da mai ilimin kunne a gida, ko da yake na ɓera ne. Har yau in aka tambaye ni aikinki, cewa nake yi likita ce, in ja bakina in yi shiru. Ba na ƙarasawa. Shekara huɗu kina can kina sauraron kunnen dabbar da mu nan muke kashe kuɗi mu sayi tarko dominta. Ki gaya mini, don Allah, shin mai askin nan ya taɓa yin gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa? Ba abin gaggawa ba ne. In kin sami sarari.

Kada ki damu da cewa ni nake ɗaga waya kwanakin nan in kin kira. Ɗinki ya yi wa Auta yawa, da ta tashi daga kan keke sai kwanciya. Ni kuma kin san ni da waya, ta gaisuwa ce kawai, magana mai nauyi takarda take so.

Ki ci abinci. Hotonki na ƙarshe wuyanki ya yi tsawo.

Naki,
Kawu

27 ga Maris

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ya gwiwa? Ni lafiya, sai gajiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, wasiƙarka ta zo muna tsakiyar wani zagaye na gwaji, ɓeraye arba'in, kuma ka ce ba gaggawa.

Tunda shekara huɗu kana yi mini dariya, bari yau in gaya maka abin da nake yi, ko ka riƙa ƙarasa zancen in an tambaye ka.

Muna ba ɓera irin maganin da ake ba masu ciwon daji, kashi-kashi, da hutu a tsakani, kamar yadda ake yi wa mutane. Amma kafin ɗigo ɗaya ya shiga jikinsa sai mun auna kunnensa. Wannan ita ce dokar farko a ɗakinmu. Wanda ya tsallake ta, shugabarmu za ta zubar da aikinsa duka, don in ba ka san inda kunne yake jiya ba, ba ka da bakin cewa ya ragu yau.

Ga yadda ake awon. Ina sa ɓeran barci da allura, in kwantar da shi kan ɗan shimfiɗa mai ɗumi a cikin wani akwati da aka lulluɓe da soso don kada ƙarar waje ta shiga. In soka masa allurai uku sirara a ƙarƙashin fata, ɗaya a tsakar ka, ɗaya a bayan kunne, ɗaya a gefen jiki. Sai ƙaramar lasifika ta riƙa yi masa sauti a bakin kunne. Ba sai ya motsa ba. In kunnen ya ji, saƙo yana tafiya ƙwaƙwalwa, ni kuma ina ganin sawunsa a kwamfuta, layi mai tudu da kwari. Ina rage ƙarar kaɗan-kaɗan har tudun ya baje. Inda ya baje, nan jinsa ya tsaya, sai in rubuta. In yi da sauti mai kauri, in yi da siriri.

Siririn sauti shi ne yake fara tafiya. Kuma in ka ga ɓeran a keji ba za ka ce komai ya same shi ba, yana ci, yana gudu. Akwai wani mai lamba goma sha huɗu, mai faɗan tsiya, ya cije ni sau biyu. Ya rasa kusan rabin siraran sautukansa, amma shi ne sarkin kejinsu. Ɓera ba ya ƙorafi, shi ya sa muke aunawa.

Saboda haka mai askinka ya yi gaskiya, amma ba kowane magani ba, kuma ba kowane mutum ba. Ka kwafo mini sunan da ke kan katin matar. Ka tambaye su ko an auna kunnenta kafin a fara. In ba a yi ba, a yi yanzu, kafin zuwa na gaba, kuma kukan kunnen likita za a gaya wa, baki da baki. Kafin nan ga aikin da ya dace da kai. Ka ɗauki agogon hannu mai ƙaƙas-ƙaƙas, ka kara mata a kunne a ɗaki shiru, ka riƙa ja da baya har ta ce ta daina ji, ka auna tazarar ka rubuta. Ba awon asibiti ba ne, amma ya fi babu.

Yanzu tawa maganar. Kawu, mako bakwai ke nan Mama ba ta yi mini magana ta wuce “lafiya lau, ga Yaya” ba. Ɗinki bai taɓa hana ta hira ba, da waya a kafaɗa take taka keke. Na san laifina. Na ce zan dawo ƙarshen shekara, na ƙara wata goma sha biyu. Amma in fushi take yi ta zage ni in ji, ya fi mini wannan. Ka gaya mata haka.

Taka,
Likitar Ɓeraye, tunda haka ka zaɓa

9 ga Afrilu

Ɗiyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa tana nan da halinta. Wasiƙarki ta iso ranar shida ga wata. Ranar biyar aka ɗura wa matar nan na huɗu. Ban faɗa don in ɗora miki laifi ba, ni na ce ba gaggawa. Na faɗa ne don kwanan wata shi ma yana cikin labari.

Na karanta bayanin aikinki sau uku. Shimfiɗa mai ɗumi, kika ce. A ɗakin da ake ɗura maganin nan kujeru tara ne na roba, mutum goma sha huɗu, sauran suna kan benci da ledarsu rataye a ƙusar bango. Ban ga soso ba. Amma ba na hassada da ɓera, kowa da rabonsa.

Na tambaya ko an auna kunnenta kafin a fara. Mai rubuta kati ya dube ni kamar na tambaye shi ko an auna inuwarta. An auna jininta, an auna ƙodarta, an auna nauyinta, kunne kam ba ya cikin takardar. Na'urar awon tana wani gini can bayan wurin ajiye motoci. Na je. Mai na'urar mutum ɗaya ne, ranar Talata kawai yake zama, ya ba mu rana bayan wata biyu. Na ce masa kafin nan ai an gama maganin. Ya ce, “To Baba, sai mu auna abin da ya rage.” Bai faɗa da mugunta ba. Yana cin biskit ne ma.

Sunan maganin na kwafo shi harafi-harafi a bayan wannan takarda, kada ki yi dariyar rubutuna.

Awon agogo kuwa na yi shi, da tsohon agogon nan mai baƙin madauri, da tef ɗin awo na tela. Na fara da kaina don in san ma'auni: ni mai shekara saba'in da ɗaya ina jin sa daga inci goma sha ɗaya. Ita a kunnen dama inci huɗu. A na hagu sai da na manna shi da fata, ta ce wai kamar tana ji, kamar kuma tana so ne ta ji. Amma kada mu ɗora wa magani duka, wannan na hagun dama bai cika ƙarfi ba tun faɗowar da ta yi daga bishiyar mangwaro tana shekara bakwai, ni na goyo ta zuwa gida jini yana bin wuyana.

Batun fushi, ki cire shi daga ranki. Babu mai fushi da ke. Auta ta ce in gaya miki ki tsaya ki gama abin da ya kai ki.

Ki duba sunan ki gaya mini.

Kawu

20 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaisuwa.

Mata nawa ne a layinmu suka faɗo daga bishiyar mangwaro suna shekara bakwai ka goyo su zuwa gida? Tun ina ƙarama nake wasa da tabon nan da ke bayan kunnen Mama. Labarin nan ka ba ni shi ya fi sau ashirin, har da inda jinin ya bi.

Jiya na kira ka sau biyar kafin ka ɗaga. Na tambaye ka kai tsaye, ka ce layi ba kyau. Na ce ka ba Mama wayar. Na ce, “Mama, tun yaushe?” Ta ce, “Lafiya lau.” Na ce, “Mama, kina ji na?” Ta ce, “Sun gode, za su ji.” Da ƙarfi take magana, kamar mai kiran wani a tsallaken titi. Mako goma ina kwana da tunanin uwata ta daina sona, ashe muryata ce ba ta kai mata.

Sunan da ka kwafo, shi ne. Shi ne a cikin firjin da ke bayan kujerata. Shi nake zuƙa a sirinji duk safiya in ba ɓeraye. Ɓera mai lamba goma sha huɗu yana da fayil, Kawu. An auna kunnensa sau tara, kowane awo da kwanan wata da sa hannuna. Uwata an ɗura mata sau huɗu, abin da take da shi agogo ne da tef ɗin ɗinkinta. Kuma a duk duniya mutum nawa ne suka san wannan abu kamar yadda na san shi? Kuna da ɗaya a gida, kuka mai da ita baƙuwa, kuka aiko mata da labarin matar maƙwabci.

Na aiko wannan ta masu kai saƙon gaggawa, zai riga ranar ashirin da shida. A ciki akwai takarda ta biyu, ta likita ce, na rubuta ta da yarensu, shugabarmu ta duba ta sa hannu. Ba umarni ba ne, ni ba likitar mutane ba ce, kamar yadda ka sani. Tambaya ce: tunda kunne ya fara tafiya, ko akwai ɗan'uwan maganin da bai kai shi cin kunne ba wanda zai yi mata aiki a biyun da suka rage? Shi ya san ciwonta, shi zai yanke. Amma kada a rataya leda ta biyar sai ya karanta. In ya ce ba lokaci, ka zauna a ƙofarsa. Ka iya zama, kowa ya shaida.

Kada ka sake rubuto mini cewa ba gaggawa.

Ɗiyarka

2 ga Mayu

Ɗiyata,

Na karɓi gaisuwarki yadda kika aiko ta, ban nemi ƙari ba. Auta tana nan da sauƙi, tana cin abinci kaɗan, gashin ya zube amma bakin yana nan.

Ranar da aka gaya mata ciwon, a bakin ƙofar asibiti ta riƙe mini hannun riga ta ce, “Yaya, ka rantse ba za ka gaya mata ba sai ta gama. Shekara huɗu yarinyar nan tana bin abu ɗaya. In ta ji, gobe za ka gan ta da akwati.” Na rantse. Na ɗauka wayo na yi da na ƙirƙiro matar maƙwabci, in sami iliminki ba tare da na karya rantsuwa ba. Tsoho in ya yi wayo irin wannan, da ma barci ya yi.

Na zauna a ƙofar likita tun bakwai na safe. Yaro ne, bai fi sa'arki ba, idonsa ja, katin mutum sittin a gabansa. Ya karanta takardarki, ya koma farko ya sake karantawa. Ya ce, “Wa ya rubuta wannan?” Na ce ɗiyar marar lafiya. Ya ce, “Likita ce?” Karo na farko a rayuwata na ƙarasa zancen. Na ce ta ɓeraye ce. Bai yi dariya ba.

Ya ce, “Baba, ina awon farko?” Na ce babu. Ya ce, “To da me zan kwatanta? Shekararta hamsin da takwas, kunne yakan ragu da kansa.” Na ce masa, likita, matar nan wata huɗu da suka wuce ta kore ni daga falo da akwatin agogunana, wai ƙaƙas-ƙaƙas ɗinsu yana hana ta lissafin awo, alhali tana can ƙarshen ɗaki. Matar nan daga kicin take jin in zaren keke ya kusa tsinkewa. Ya ce, “Na yarda da kai, Baba. Amma wannan ba ya shiga fayil.”

Sai ya juya wurinta ya tambaye ta tun yaushe kunnen yake kuka. Ta dube ni. Na maimaita mata da muryata. Ya ajiye biro ya ce me ya sa ba a gaya masa ba. Na ce mun gaya wa ma'aikaciyar jinya. Ya ce ita ma mutum sittin gare ta. Mu uku kowa yana neman wanda zai ba laifi, duk wanda ka duba kuma ya gaji.

Ya canza maganin. Ya ce ciwon yana ja da baya, biyun da suka rage za a yi da ɗan'uwan nasa. An yi na biyar da sabon.

Jiya na sake awon agogo. Dama inci biyu. Na ɗauka da an canza magani abin zai tsaya cak. Ki gaya mini gaskiya, ba irin tawa ba: yana dawowa?

Ga saƙon Auta, da hannunta:

“Ni na hana, kada ki ci mutuncin Yaya, ya isa haka da tsufansa. Ki daina kira. Ina ganin wayar tana haske, in kara a kunne in ji kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa, in rasa abin da zan ce miki. Muryar Yaya ina ji, mai kauri ce, ga shi ba ya faɗin abin kirki. Taki ce ba na samu. Ki rubuto mini, da manyan baƙi. Kada ki bar aikinki.”

Kawu

13 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ka. Na Mama yana cikin ambulan daban, kada ka buɗe, ko da ta ce ka karanta mata.

Ka nemi gaskiya. Ba ya dawowa. A can cikin kunne akwai wani abu mai kama da gidan katantanwa, a cikinsa ƙananan ƙwayoyi masu gashi a jere, su ne suke kama sauti. Wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Maganin kuma yakan daɗe a wurin bayan an daina ba da shi, shi ya sa ka ga an ragu ko bayan canji. Abin da aka yi yanzu shi ne tsare saura. Na'urar ƙara ji za ta taimaka mata, ba za ta mayar da ita yadda take ba. Ku riƙe ranar mai biskit, ku je.

Makon jiya muka rufe gwajin. A ƙarshe ana kashe ɓerayen, a ciro wannan gidan katantanwa a duba a madubin ƙara girma, a ƙirga. Ni na ƙirga na lamba goma sha huɗu. Jerin yana nan kamar matajin da haƙoransa suka kakkarye, nan akwai, nan babu, can ƙarshe fili kawai. Na yi wannan ƙirga ya fi sau ɗari. Ranar nan na kasa, abokiyar aikina ta ƙarasa.

Na zage ka, bari in faɗi nawa. Wasiƙarka ta farko kwana goma sha tara ta yi a kan teburina, a ƙarƙashin kofin shayi. Na karanta ta ranar da ta zo. Na ga kukan kunne, na ga kashi biyu, na san ma'anarsa sarai. Da ɓera ne da a ranar zan sa shi a akwati. Na ce matar maƙwabci ce, ta jira in gama. Da na amsa a ranar, da ba a ɗura na huɗu a makance ba. Wannan nawa ne, ba na neman ka rage mini.

Na karɓi hutun mako shida, zan iso ranar goma ga watan gobe. Ban bar aikin ba, ka gaya mata.

Abu ɗaya nake so kafin in zo, don zan rubuta wa likitan tarihin abin daga farko, tunda babu awo sai abin da kuka tuna. Yaushe ta fara cewa wani abu game da kunnenta? Ba ranar da kuka gaya wa ma'aikaciyar jinya ba. Ranar farko.

Ɗiyarka

28 ga Mayu

Ɗiyata,

Gaisuwa, da fatan wannan za ta riga ki tasowa. An yi na shida ranar goma sha bakwai, an gama. Likita ya ce hoton ciki ya yi kyau, a dawo bayan wata uku. Auta ta hau keke shekaranjiya, ta yi ɗinki rabin awa da zaren ƙasa a tsinke ba ta sani ba, allura tana ta huda yadi a banza. Da ta gani ta naɗe yadin ta ajiye. Wasiƙarki tana ƙarƙashin matashinta. Ban buɗe ba, ko da yake na ɗaga ta a hasken taga.

Kin tambayi ranar farko. Na yi kwana huɗu ina zagaya wannan tambaya kamar mai neman ƙofar gidan da ya sani.

A wasiƙata ta farko na ce miki bayan kashi na biyu ne. Ba haka ba ne. Kwana uku bayan na farko, ranar huɗu ga Fabrairu, da hantsi, tana zaune a bakin gado ina haɗa mata shayi, ta ce, “Yaya, kamar maganin nan yana taɓa mini kunne.” Ni kuwa na yi dariya. Na zauna na ba ta labarin mai aski tun daga kumfa har agogon mamaci, na yi muryarsa, na yi yadda yake karkata kai. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, rabon da ta yi dariya tun kafin asibiti. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar. Na ce mata zancen shagon aski ne, ta sha shayinta. Ba ta sake tayar da maganar ba sai da kukan ya hana ta sukuni, bayan mako uku.

Ki rubuta wa likita haka: huɗu ga Fabrairu. Marar lafiya ta faɗa, mai jinya ya ba ta labari. Kwana goma sha tara naki ki ajiye su kusa da nawa ki gani ko za su yi tsawo.

Ranar Talata muka je wurin mai na'ura, wani ya fasa zuwa aka ba mu gurbinsa. Ya sa mata abin kunne, ya ba ta maɓalli ta danna in ta ji. Ina kallonta ta gilashi. Da farko tana dannawa. Can sai na ga hannun mutumin yana ta juya abu, ita kuwa tana zaune da maɓalli a cinya, tana jira a fara. Ya ba mu takarda mai layi biyu da suka gangara kamar hanyar rafi. Yanzu tana da fayil. Awo ɗaya ne a ciki, na ƙarshe.

Zancen nan na cewa maganin yana cin kunne, na lissafa, bakin mutum huɗu na ji shi. Mai aski ya faɗa, na bar shi a shagonsa. Ke kika faɗa da allurai da kwamfuta. Likita ya faɗa da biro a ajiye. Da muka fito daga ɗakin awon, muna ratsa layin masu jira, mutum ya fi talatin, sai aka jawo hannun rigata, aka matso kusa da kunnena za a yi mini raɗa. Ita a ganinta raɗa take yi. Har mai gadin ƙofa sai da ya juyo.

“Yaya,” ta ce, “ashe mai askin nan naka bai yi ƙarya ba.”

Wadda ta gaya mini na ƙarshe ke nan: ƙanwata, uwarki, Auta. Na ba ta amsa, amma a lokacin ta riga ta juya, ba ta ga bakina ba.

In kin iso, ki tsaya a gabanta kafin ki yi sallama.

Kawunki